Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Asalin Gidansu

 

Kwanan baya aka kira mu rabon gadon wani bawan Allah a unguwarmu. Ya rasu ya bar mata guda da ɗiya biyu mata, ba ɗa namiji, ba uba, ba ɗan uwa. Muka fitar da tumunin matar da sulusi biyu na ɗiyan, sai kashi 5 cikin 24 ya rage, wanda yake haƙƙin asaba ne, wato maza na wajen uba. Muka tambaya ko yana da baffanni ko ɗiyan baffanni. Aka yi tsit. Can sai wani dattijo ya ce ya taɓa jin kakan mamacin yana da ƙane da ya bi fatake zuwa Kumasi, amma sunansa da sunan ɗiyansa, tsohuwar da ta riƙe su ta rasu damana biyu da suka wuce. Ga dukiya a ƙasa, ga masu haƙƙi wataƙila suna raye, babu wanda zai iya kiran sunansu. Da muka koma gida a daren nan, abin da ya faɗo mana a rai shi ne wani ɗan littafi da muka karanta muna almajirai, na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, Allah Ya jiƙan shi.

Kowa ya san shi da cewa ƙanen Shehu Usmanu ne, wazirinsa, jagoran rundunarsa, kuma mai tafsirin Liya'ut Ta'awili. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, mafi yawan abin da aka sani na asalin gidansu da ƙuruciyar Shehu daga alƙalaminsa ya fito. Littattafai biyu ne ya zuba wannan a ciki. Na farko Ida'un Nusuhi, na shekara ta 1227 ta hijira (1812), inda ya jera kakanninsa da malaman da ya ɗauki karatu gare su. Na biyu Tazyinul Waraƙati, na 1228 (1813), inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, kowace waƙa ya faɗi dalilin yin ta da waɗanda aka yi ta dominsu.

Labarin kuwa a ƙasarmu ya fara. Wanda ya ɗauki babbar hanya daga Yamai zuwa Damagaram zai ratsa Birnin Ƙonni, sa'annan Galmi mai albasa, sa'annan Madawa. Cikin wannan ɗan tsakani gidan su Abdullahi ya yi ɗaruruwan shekaru. Shi da kansa ya rubuta cewa su Toronkawa ne, kakansu Musa Jakollo shi ya taso da jama'arsa daga Futa Toro, can bakin kogin Senegal, ya sauka ƙasar Ƙonni. Daga Ƙonni wani reshe na zuriyar ya koma Maratta, kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu a 1168 (1754). Daga baya mahaifinsu ya tashi da iyalinsa zuwa Degel, can kuma kabarinsa yake.

Ga yadda Abdullahi ya jero iyayensa: shi ɗan Muhammadu ne, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, ma'anarsa malami masanin fiƙihu da Fulatanci, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jakollo. Mai karatu ya dakata nan ya gwada kansa, ya ga uba nawa zai iya kira kafin harshensa ya tsaya. Mun gwada wannan ga ɗalibanmu na madarasa, mafi yawa ba su wuce kakan uba ba, wasu ma sunan kakansu na yanka ba su sani ba, sai laƙabin da jikoki ke kiran shi da shi.

Silsilar mahaifiya ita ma an kiyaye ta, kuma nan ne abin ya fi ba mu sha'awa. Sunanta Hauwa'u, ɗiyar Muhammadu, ɗan Usmanu, ɗan Hamma, ɗan Alu, ɗan Jaɓɓo. In ka ƙirga ta wajen uba, Jaɓɓo ne na shida. In ka ƙirga ta wajen uwa, shi ne dai na shida. Gurɗo da Alu wa da ƙane ne ke nan, zuriyarsu ta rabu tsawon iyaye huɗu, sa'annan aure ya sake ɗaure ta. Wannan shi ya warware mana wata magana da ta daɗe tana ɗaure mana kai muna yara, inda Abdullahi ke kiran malami guda baffansa kuma kawunsa. Mun zaci kuskuren mai kwafi ne, sai malaminmu ya zana mana silsilar biyu a bayan allo, ya nuna mana inda suka gamu. Mutumin da ya fito daga gidan Alu kawu ne ta wajen Hauwa'u, baffa ne kuma ta wajen Jaɓɓo. Wanda bai riƙe sunayen ba, ba zai taɓa gane dalilin ba.

To, yaushe Musa Jakollo ya iso Ƙonni? Babu takardar da ta rubuta shekarar, amma ana iya lissafi. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa, ya aza ƙa'ida cewa kowace shekara ɗari tana ɗaukar iyaye uku, wanda kuma ya ga lissafin silsila ya kasa cika shekarun da ake da'awa, to ya san an yar da wasu sunaye a hanya. Tsakanin Musa da Abdullahi haihuwa 11 ce. Bisa wannan ƙa'ida shekara 360 ke nan da ƴan kai, sai haihuwar Musa ta faɗa wajen 1400, isowarsa Ƙonni kuma wajen tsakiyar ƙarni na 15 na miladiyya, kamar yadda masu binciken tarihi suka kimanta. Gaskiya ne kwafe-kwafen littattafai sun saɓa a saman silsilar, wani ya gabatar da Masirana bisa Ayuba, wani ya ƙara suna guda kafin Musa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa kwafar littafi da tawada a hasken fitila. Daga Muhammadu Sambo zuwa ƙasa dai bakinsu ɗaya.

Sama da Musa kuwa magana ta sake launi. Abdullahi ya kawo labarin da Fulani suka gada, cewa wani Ukuba, cikin mayaƙan farko da suka buɗe ƙasashen Magrib, ya auri ɗiyar sarkin Toronkawa mai suna Bajjo Mango, daga wannan aure Fulani suka fito, shi ya sa Toronkawa suke kawunnansu. Amma a Tazyinul Waraƙati ya rataya wannan magana ga ji, ya nuna abin da ake faɗi ne ya iske. Littattafan Sakkwato ma ba su daidaita kan wane Ukuba ba ne: wani ya ce ɗan Amiru, wani ya ce ɗan Nafi'u, wani ya ce ɗan Yasiru. In ɗan Nafi'u ne, wanda ya gina Ƙairawan, ya yi shahada a 63 (683), to tsakaninsa da Musa Jakollo akwai shekara fiye da 700, wato iyaye sama da 20, ga shi kuwa sunayen da Abdullahi ya jero ɗaya bayan ɗaya a kan Musa suka tsaya. A ganinmu nan ne malamtarsa ta bayyana. Bai jefar da labarin kakanni ba, domin amana ce aka miƙo mai, bai kuma cike ramin da sunayen da bai sani ba, alhali da ya so, mai waƙa ne, Larabci na bakinsa, babu mai tuhumar sa.

Kada wani ya ɗauka Fulani kaɗai ke da kaka a gabas. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta Gobirawa ga Ƙibɗawan Masar. Daurawa suna da Bayajida na Bagadaza. Sarakunan Barno na dā suna kai kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Ba mu ƙaryata kowa ba, ba mu kuma rantse wa kowa ba. Abin da muke tsoro shi ne abin da muka gani da idonmu: mutum ya tafi aikin hajji ya dawo da takarda mai hatimi da ta mai da shi sharifi, alhali tsofaffin garinsu sun san kakansa da sana'arsa. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Shi kuwa Shehu Usmanu, da mutane suka fara raɗe-raɗin ko shi ne Mahadi, hujjar da ya kawo a Tahzirul Ihwan don kore wannan zato har da mahaifarsa: ya ce a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Sudan, Mahadi kuwa ba can za a haife shi ba. Sanin asali ya hana shi karɓar girman da ba nasa ba.

An haifi Abdullahi wajen 1180 (1766), Shehu ya girme shi da kamar shekara 12, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi karatun Alƙur'ani ga mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi hannun wansa, tun daga nan kuwa bai rabu da shi ba, a gida ko a tafiya. Gare shi ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, ya saurari tafsiri tun daga Fatiha har ƙarshe ba sau ɗaya ba. Almajirin zaure na Maraɗi ko Tawa da ya ji waɗannan sunaye zai gane kayan gidansu ne, domin har yau da su ake fara karatun ilimi.

Da ka shiga jerin malaman da ke cikin Ida'un Nusuhi sai ka ga littafin nasaba ne ya sa rigar littafin karatu. Kusan kowane malami sai an kira shi da ubansa da kakansa har a kai inda ya gamu da marubucin. Ga Usmanu Binduri, ɗan Aminu, ɗan Usmanu, ɗan Hamma, ɗan Alu, wanda ya karantar da Shehu Muhtasar na Halilu, Shehu kuma ya ɗauki halinsa na horo da alheri da hani ga mummuna. Ga Alhaji Muhammadu ɗan Raji, shi ma jikan gidan Alu, wanda suka zauna gabansa a ƙasar Zamfara a 1201 (1786 zuwa 1787) suka karanta Sahihul Buhari, ya ba su ijaza da silsilar da ya karɓo a Madina. Ga Muhammadu Sambo, wani dattijon danginsu, da ya daɗe a Makka da Madina, ya kamo hanyar gida, ajali ya tare shi a Agadas a 1207 (1793), Abdullahi ya yi mai waƙar makoki. Mutanen nan ba su da fada, ba su da taska. Gadonsu littattafai ne da ijaza, kuma da ƙane bai rubuta ba, da yawansu ko sunansu ba za mu ji ba.

Babban malaminsu kuwa ba jininsu ba ne. Shi ne Malam Jibrila ɗan Umaru, mutumin ƙasar Adar, wanda ya yi hajji sau biyu, ya zauna da Murtala Zabidi a Alƙahira, kabarinsa kuma yana kusa da Madawa. Abdullahi ne ya ba mu labarin da Shehu ya bi shi har Agadas da niyyar hajji, Malam Jibrila ya mai da shi gida domin bai nemi iznin mahaifinsa ba. Irin wannan labari ba ya cikin kundin kowace fada. Abin da aka faɗa a tsakar gida ne, ƙane ya ji daga bakin wansa ya riƙe.

Shehu ya fara wa'azi wajen 1188 (1774). Abdullahi ya bi shi Kabi, ya bi shi Zamfara inda suka yi kamar shekara biyar. A can ne wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya tarbe su da waƙa yana neman Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azi. Shehu ya ce wa ƙanensa shi ya fi cancanta ya amsa. Abdullahi, yana ɗan shekara ashirin da kaɗan, ya mayar da amsa bisa ma'aunin waƙar da amsa-amonta, ya ce ba su yarda da cakuɗa ba, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wancan muni. Yana nan kuma a Magami wajen 1788, ranar babbar salla, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi dukiyar ya nemi a sakar mai hanyar kira zuwa ga Allah, a sauƙaƙa wa talakawa.

Wani abu da masu ba da labari kan tsallake shi ne, danginsu ba su yi saurin bin Shehu ba. Abdullahi bai ɓoye wannan ba. Ya ga Hausawa da sauran kabilu suna ta kwararowa Degel, malaman Toronkawa kuwa, ƴan uwansu na jini, mafi yawa sun noƙe. Ai ba wuya a gane dalili: wanda ya ga mutum yana rarrafe ba ya saurin zama gabansa da allo. Sai ya tsara musu doguwar waƙa mai ƙarewa da harafin ha, ya kira ta saƙon nasihohi, ya aika musu. Waƙar ta yi aiki. Mustafa ɗan Alhaji Usmanu da Zaidu, wanda ake wa laƙabi da Al'asari saboda sanin hadisi, suna cikin waɗanda suka fara amsawa, sauran suka biyo. Tirmizi ya ruwaito umarnin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, cewa a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunta da shi. Abdullahi ya san gidajen danginsa ɗaya ɗaya, shi ya sa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A Zulƙida ta 1218 (Fabrairu 1804) aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na shekarar, inda aka karya Sarkin Gobir Yunfa. Ƴan kwanaki kafin wannan, jama'ar Shehu ta ci Birnin Ƙonni da yaƙi, garin da kakansu ya sauka yana baƙo. Nan ya kamata mu faɗi wata magana, domin mun san masu karanta wannan takarda. Da yawanmu jikokin waɗanda suka tsaya a ɗaya gefen fagen ne. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya su suka kafa mulkin Maraɗi, Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri. Kowane gida yana da matattunsa da labarin da yake ba ɗiyansa. Ba shari'ar wannan yaƙi muka zauna yi ba, Wanda zai yi ta Yana nan. Mutumin da ya rubuta abin da ya gani muke bi, kuma abin da ya gani ba nasara ce kaɗai ba.

A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka auka wa jama'ar, aka kashe kimanin mutum 2000, cikinsu kamar 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Zaidu, wanda ya amsa kiran waƙar nan, yana cikin waɗanda suka kwanta a wurin. A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu, kafin shekarar ta fita kuma aka sake yi musu ɓarna mai yawa a Alwasa. Cikin shekara biyu, mutanen da ya yi karatu da su, waɗanda suka san Degel da Maratta, suka san wane ya haifi wane, suka ƙare kamar an share su da tsintsiya.

Waɗanda suka maye gurbinsu ba su kwanta mai a rai ba. Ya ga an fara tseren dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da muƙamai, ya ga abin da aka yi hijira don guje mai yana tsirowa cikin gida, bai kuma cire kansa daga zargin ba. A 1222 (1807), runduna na kan hanyar Alƙalawa, ya sulale da mutum biyar ya fuskanci gabas da niyyar Madina. Ya ba da labarin kwana uku da suka yi cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, sa'annan ya juyo gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Da Shehu ya raba kula da ƙasa wajen 1812, gabas ta faɗa hannun ɗansa Bello, yamma hannun Abdullahi, abin da ya sa daga baya Sayi da wasu garuruwan bakin Kwara suka riƙa duban Gwandu.

A wannan lokaci ne, Shehu na Sifawa shi kuma yana Boɗinga, ya zauna ya rubuta littattafan nan biyu, yana da shekara 47 zuwa 48. Mun daɗe muna tunanin abin da ya sa mai mulkin rabin daula ya ajiye takardun alƙalai da na hakimai ya koma lissafin baffanni da kawunnai. Amsar da ta fi kwanta mana tana cikin Tazyinul Waraƙati kanta, domin waƙoƙin makoki sun yi yawa a ciki. Sunaye ne ke bin sunaye: wane ya faɗi a wuri kaza, wane annoba ta ɗauke shi, wane abokin karatu ne tun ƙuruciya. Ya duba ya ga yaran da ke tasowa a Sifawa da Gwandu an haife su cikin sansani, sun san tuta da ganima, ba su san bukkokin da kakanninsu suka yi karatu ciki ba. Tushiya mafarin dawa. Dubi kuma yadda ya yi aikin: waƙar da ya tsara tun a lokacin abin ita ce takardar shaida, domin ma'auni ba ya barin a sauya kalma cikin sauƙi, sa'annan ya kewaye ta da abin da ya tuna. Rubutu na tsare tunani daga zamewa, tunani kuma na bayyana abin da rubutu ya taƙaita.

Nasabar da ya tsare ita ce kuma ta jarrabe shi. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232 (Afrilu 1817). Abdullahi na ganin shi ne babba, shi ne waziri, shi ne kuma ya daɗe yana gargaɗi a rubuce kada shugabanci ya koma sarautar gado. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a, ruwaya ta ce ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya ya koma, baffa da ɗa suka yi shekaru ba su haɗu ba. Ba shi kaɗai abin ya sosa ba. Malam Abdussalami, Ba'are, wanda rikicin jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya tayar da jihadin, ya ga rabon ƙasa ya tattaru hannun dangi, ya yi tawaye, aka kashe shi a 1818. Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1821 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Masu ruwaya sun ce da suka fuskanci juna bisa dawaki, Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffa, Abdullahi ya yi mai ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Kowane ɗayansu ya san matsayinsa a silsila, ya kuma ba ɗan uwansa haƙƙin da ke kansa.

Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkar mulki, ya koma ga allo da alƙalami. Tun 1231 (1816) ya gama Liya'ut Ta'awili, daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Yana da Baharul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, dukansu a waƙe. Shehu da kansa, a Najmul Ihwan, ya yi wa almajirai nuni da littattafan ƙanensa, domin shi ne mai tsayawa kan zahirin shari'a. Ya rasu a Gwandu a farkon 1245 (1829), yana da kimanin shekara 65 ta hijira, can aka rufe shi. Allah Ya gafarta mai, Ya gafarta wa duk musulmin da ya kwanta a waɗannan fagage ta kowane gefe.

Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sa'annan Halilu, sarautar Gwandu kuma ta zauna cikin zuriyarsa. Aikin nasabar ma ya sami magada. Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu a 1997, ya ɗora bisa abin da Abdullahi ya aza, ya haɗa da abin da ya ji ga tsofaffi, aka buga Tarihin Fulani da Hausa. An buga Liya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, Tazyinul Waraƙati kuma a Ibadan a 1963 tare da fassarar Baturen nan Hiskett. A nan gida, marigayi Bubu Hama ya tattara dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, suna ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai. Waɗanda suka fi su yawa kuwa suna cikin gafakoki da akwatunan ƙarfe a zaurukan Ƙonni da Madawa da Tawa da Damagaram, inda gara da ɗigon damana ke karanta su kafin jikoki.

Cikin irin wannan gafaka muka sami bakin zaren gadon da muka fara da shi. Ɗiyar mamacin ta fari ta kawo mana littattafan kakanta don mu duba ko akwai na sayarwa. A ƙarshen wani kwafin Risala da gefensa ya cinye, mai kwafin ya rubuta sunansa da na ubansa da na kakansa, kamar yadda masu kwafi suka saba, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da wani ƙanensa da ya ambata da suna, ya ce yana ƙasar Asante. Suna guda ne, babu shekara, babu unguwa. Mun rubuta shi a takarda mun ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kumasi, ya kai wa limaman zango su tambayi tsofaffinsu. Kashi 5 ɗin nan yana ajiye amana hannun mutum biyu adilai har amsa ta zo.